Digiri Shida

Shekara talatin da ɗaya na yi a Makka ba iƙama, ina gyaran motoci a wata warsha, wato gareji, a bayan titin Mansur. Zaman rashin takarda darasi guda yake koya wa mutum: kada ka musa wa ɗan ƙasa.

Bandar, wani injiniya ɗan ƙasa da ya yi ritaya, wanda ake wa alkunya da Abu Hudaifa, shi ya ɗauke ni in taya shi haɗa ƙaramin jirgin sama a gonarsa ta hanyar Jumum. Injin tsohuwar mota ya ɗora masa, irin wanda ba shi da fistin, sai ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a ciki, ya kuma ƙara masa turbo. Ya yi mini alkawari, idan aiki ya kammala zai tsaya wa 'yata Suhaila ta sami takarda ta shiga makarantar jinya.

Irin wannan inji ba ya yafe kuskuren taimin, wato lokacin ba da wuta. Idan fulogi ya ba da wuta da wuri alhali turbo na cusa iska, sai cikinsa ya farfashe. Ranar gwaji, cikin zafin azahar, na ji wata 'yar ƙara kamar tsakuwa a gwangwani.

Na ce, "Abu Hudaifa, wutar nan tana riga lokacinta. A ja ta baya."

Ya yi dariya, ya kira ni baffa da Larabci. "Ya ammi, kunnenka ya fi kwamfuta ne? Jirage nawa ka gyara a Kano? Filin tashina gajere ne, ƙarfi nake nema. Khalas, magana ta ƙare."

Na ce, "Tayyib," wato na yarda.

Da ya shiga gida cin abinci, na sassauta na'urar da ke gaya wa kwamfutar inda juyin injin ya kai, na murɗa ta baya digiri shida, na ɗaure. Ƙarar ta ɓace. Ƙarfin injin ma ya ragu, ban kuwa gaya masa ba. A raina, ransa nake ceto ba tare da na taɓa alkawarin Suhaila ba.

Washegari da hantsi ya hau. Injin ya yi ta kuka lafiya lau, amma jirgin ya cinye filin duka kafin ya ɗaga. Tayarsa ta kama katangar gonar, ya kife cikin dabinai. Ni na jawo shi waje, na kira ɗansa a waya, sannan na gudu kafin 'yan sanda su iso.

Bayan wata huɗu ya aiko a kira ni gidansa a Aziziyya. Na same shi a keken guragu, ƙashin bayansa ya karye.

Ya kama hannuna. "Ka yafe ni, ya ammi. Kai ka faɗa, ni na ƙi ji. Da na ja wutar baya, da yanzu ina tsaye." Sai ya miƙo mini ambulan, takardar Suhaila ce a ciki.

Bakina ya buɗe. Na dubi ambulan ɗin, na dubi ƙafafunsa. Abin da ya fito shi ne, "Ƙaddara ce, Abu Hudaifa."

Suhaila tana shekara ta biyu a makarantar jinya yanzu. Duk Juma'a ni nake tura keken Bandar a ɗawafi, domin ya ce bai yarda da hannun kowa ba sai nawa. Zagaye bakwai yana yi mini addu'a a bayyane, ina cewa amin.