Ɗanɗanon Miya a Garajin Halidu

Duk shofer ɗin da ke bin hanyar Arlit zuwa Assamaka ya san yadda Halidu ke duba mota. Za a tada moter, wato injin, a ɗaga kapo, murfin da ke kansa, shi kuma ya rufe ido ya karkata kai gefe guda kamar mai sauraron kiran salla daga wata unguwa. Can sai ya ce, "Bari in ɗanɗana miya." Ya taka zuwa rumfar kwano da ke bakin garajin, inda matarsa Sa'a ke sayar da shinkafa, ya duƙa kan tukunya, ta miƙo masa ludayi. Ya lasa, ya dawo yana goge baki, ya ɗora yatsa wuri guda ya ce, "Nan ne." A kwance wurin, a tarar nan ɗin ne.

Shoferori suka ce akwai wani abu cikin miyar. Wasu har ƙari suke nema wai ko kunnensu zai buɗe. Alhali babu komai cikinta sai albasa, busasshen tumatir na lambunan Abzin, da barkonon da ke sa ƙato hawaye.

Abin da ba su sani ba, Halidu ya yi shekara goma sha ɗaya a gindin injin niƙa dutse na kamfani kafin ya buɗe garaji, injin kuwa ya cinye masa kunne a hankali. Magana yana kama ta in yana kallon bakin mai yi. Bugu mai nauyi yana jin sa in ya kafa dogon ƙarfe jikin moter ya ciji ɗaya bakin da haƙori. Amma siririn kukan nan da mota ke fara yi kafin wani abu ya mutu, wannan ya bar shi tuntuni. Sa'a ce ke ji. Shekara goma sha shida tana zaune taku goma daga motoci, har ta san muryar kowace kamar yadda ta san tarin maƙwabtanta. In ya duƙa kan tukunya sai ta motsa leɓe ba sauti, shi kuma ya karanta.

To, ranar Litinin aka ɓata. Wani shofer mai baki, Nuhu, ya kawo tsohuwar Fijo ya ce a gaban mutane, "Baba Halidu, yau in ka isa ka faɗa ba miya."

Halidu kuwa girman kai ya motsa. Ya zagaya motar sau biyu ya ce, "Kardan ne, sandar da ke juya taya."

"Ba kardan ba ne," in ji Sa'a daga rumfa, ko kai ba ta ɗago ba. "Ƙahwar gaba ce ta hagu. Tun daga kwana nike jin ta."

Ba da gangan ta yi ba, bakin ne ya riga ta. Shi bai ma ji ta ba. Ya dai ga mutane sun juya suna dariya, Nuhu kuma ya maimaita masa a fuska har da kwaikwayon murya. Sai Halidu ya ɗaga tasa muryar, kuma kun san mai ciwon kunne bai san iyakar muryarsa ba, har masu shayi na tsallaken titi suka ji:

"Mace mai ludayi mi ta sani ga mota? Ki ji da tukunyakki!"

Sa'a ta rufe tukunya, ta kife ludayi a kai, ta yafa mayafi, ta tari kabu-kabu zuwa Akokan gidan ƙanenta Zayyadu. Da yamma Halidu ya kwance ƙafar gaba ta hagu a ɓoye, ya ga ita ce, ya gyara, bai gaya wa kowa ba.

Talata ya ce wa masu zuwa ba shi da lafiya. Laraba ya ce kayan gyara ba su iso daga Agadas ba. Alhamis da hantsi Amumun ya shigo.

Amumun Ba'abzine ne, dogo, mai tsohuwar Lankuruza da ta girmi ƴaƴansa duka. Rabin motar nan aikin hannun Halidu ne. Shi ya ƙara mata ƙarafan baya don ta ɗauki kaya, shi ya ɗaura mata tanki na biyu na man gazuwal, shi ya ƙera mata marataya a gefe inda ake saƙale faranta biyu na ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya in ta nutse a rairayi. Ranar kuwa za ta bi ayarin la'asar zuwa Assamaka da mutum goma sha uku, cikinsu har da mata ƴan kasuwa biyu masu goyo. Kilomita ɗari biyu ne, ba inuwa, ba mai gyara.

Matsalar, Amumun ba ya sauke rawani daga bakinsa, balle a gaban wanda ya girme shi. Duk shekarun nan Sa'a ce ke jin abin da ya ce ta isar wajen ɗanɗanon miya. Yau Halidu ba abin da yake gani sai ƙyalle yana motsi da idanu biyu.

"Motar nan shi yana wani kuka in ya yi zafi," in ji Amumun. "Siriri, kamar sauro. A gaba."

Ya nuna gaban moter, wajen fanka. Halidu ya bi yatsan da ido, ya rufe ido ya karkata kai yadda ya saba. Shiru, sai girgizar ƙasa a tafin ƙafarsa. Ya ciji ƙarfe, ya kafa nan, ya kafa can. Lafiya lau. Ya kama fanka ya girgiza, ba ta motsa ba. Ya waiwaya rumfa. Tukunya na nan a rufe, akuyar maƙwabta na kwance a kan tabarmar Sa'a.

"Igiyar hwanka ce," ya ce.

Ya canja ta da sabuwa. Kafin ya gama moter ya huce, da aka tada kuma Amumun ya sa kunne ya daɗe.

"Kamar akwai saura kaɗan, Baba. Ko kunnena ne?"

Halidu ya ga ƙyalle ya motsa, ya ga girar sama ta ɗaga, ya gane tambaya ce.

"Ta gyaru. Tahi abinka."

Amumun ya dubi rumfa, ya dubi Halidu. Amma wane ne shi da zai yi gardama da kunnen da duk Arlit ke yabo? Ya ja motarsa ya tafi tasha lodi.

Daga nan zama ya gagari Halidu. Ya ɗauki tsohuwar igiyar ya juya ta a hannu, ya lanƙwasa, ya miƙe. Ba tsaga, ba sulɓi, igiya garau. Ya jefar. Ya ɗauko ta kuma. Ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba, ya watsa su, ya kori akuya, ta dawo. Ya hura wuta ya ɗora shayi ya manta da shi har ya ƙone. Ya gaya wa kansa ai Amumun tsohon shofer ne, in wani abu ya taso zai san dabara. Sai ya tuna wata mota da suka taɓa zuwa jawowa daga wannan hanya da zafin bazara, yadda suka tarar da mutanen sun haƙa rami ƙarƙashinta sun shige, leɓunansu duk sun farfashe. Waɗancan sun rayu don an same su da wuri.

Ya yi azahar, bai san raka'a nawa ya yi ba. Yana sallamewa ya zura takalmi ya nufi tasha da sauri, har hularsa ya bari kan buzu.

Ya tarar an ɗaure rabin kaya, jarkoki na rataye a gefe, matan nan biyu na zaune a inuwar motar suna ba ƴaƴansu nono.

"Sauke mutane," ya ce wa Amumun. "Ba ni makulli. Shiga mu tahi."

"Ina?"

Bai ji ba, bai kuma tsaya ba. Ya ja motar ya ɗauki hanyar Akokan yana taka ta da ƙarfi don ta yi zafi. Amumun na gefe yana ta magana cikin rawani, yana nuna agogo, yana nuna kapo, yana taɓa kunnensa. Wato kukan ya dawo. Halidu ya ƙara taka mai.

Tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan unguwar su Zayyadu ta yi shiru, gida uku babu kowa, na huɗu da mutane. Saboda haka da Lankuruza ta tsaya jikin katanga tana gurnani, duk wanda ya rage a layin sai da ya leƙo. Halidu ya ɗaga kapo, ya bar moter na aiki, ya tsaya yana kallon ƙofa.

Zayyadu ya fito yana gyara riga, ya tsaya daidai fuskar mijin yayarsa, don shi ya san yadda ake yi masa magana.

"Yaya ta ce ba ta nan."

"To."

Halidu ya sa hannu ya ja wayar mai, moter ya ɗaga murya. Zayyadu ya shiga, ya dawo.

"Ta ce ka kashe abin nan, kana hana ta barcin rana."

"Ai ba ta nan," in ji Halidu.

Ya sake ja. Ya saki. Ya sake ja. Matan layi suka fito da kujerunsu, wata har da ƙwaryar gyaɗar da take ɓarewa. Amumun ya kama kai, rana kuwa ta fara karkata. Halidu yana tsaye gumi na bin wuyansa, ƙafa ɗaya na bubbuga ƙasa. Ya san matarsa. Sa'a za ta iya kwana bakwai ba ta yi masa magana ba, amma ba ta iya zama tana jin mota na kuka ba ta faɗi abin da ke damunta ba.

Ba a yi minti goma ba labulen ƙofa ya ɗaga. Ta fito ta tsaya nesa kaɗan, ta karkata kai. A fuskarta ya ga ta riga ta gane. Ya kafa wa leɓunanta ido, yana roƙo ba magana, ta motsa su kawai yadda aka saba, ba wanda zai lura.

Sa'a ta dube shi ta ce a fili, a hankali, don ya karanta da kyau:

"Mace mai ludayi mi ta sani ga mota? Ka hwaɗa mishi wa ke ji."

Ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta.

Halidu ya dubi matan da ke kan kujeru. Ya san kafin magariba labarin zai kai Arlit, kafin Juma'a ya kai har garin Cirozerin. Ya tuna Nuhu da bakinsa. Sannan ya dubi kujerar baya ta motar, inda ɗaya daga matan tasha ta manta ɗan takalmin jaririnta.

"Amumun," ya ce, kuma muryar ta fita har ƙarshen layi. "Ni ba ni ji. Shekara tara ke nan rabona da jin kukan mota. Ita ke ji, ni in kwance in ɗaure. Yau da sahe ko kalma guda ban ji ba cikin abin da ka ce. Igiyar da na canja maka lahiyarta lau."

Mai ɓare gyaɗa ta tsaya da hannu a sama.

Sa'a ta saki mayafi, ta matso, ta leƙa ƙarƙashin kapo ba ta taɓa komai ba.

"Hwamhon ruwa ne," ta ce. "Cikinsa ya bushe. Wannan ko rabin hanya ba ta kaiwa, ruwan zai zube, moter ya dahu."

Amumun ya dubi famfon, ya dubi rana, ya san ayari ya tafi ya bar shi. Sannan ya yi abin da ba a taɓa gani ba. Ya sa yatsa biyu ya sauke rawaninsa har haɓa, a gaban dattijo da matan layi, ya juyo da fuskarsa sosai wajen Halidu. Ashe ma giɓi gare shi.

"Baba," ya ce, "shekara bakwai ina cin miyan nan, cikina yana ƙuna har Assamaka, wai don kunnena ya buɗe. Wa zai mayar mini da hanjina?"

Dariya ta ɓarke a layin. Halidu bai ji ta ba, amma ya gan ta, ya ga har kafaɗun Sa'a na rawa duk da ta juya baya.

A gaba ta zauna da za su koma, Amumun a baya kan buhunan mutane, Halidu na tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Da suka kwance famfon a garaji, garin tsatsa ne ya zubo a tafin hannunsa. Ya kai wa Sa'a har rumfa ya nuna mata. Ta duba ta ce, "Na ji," ta ci gaba da korar akuya.

Amumun ya bi ayarin Asabar, ya je ya dawo lafiya da mutanensa.

Labari kuwa bai jira sallar Juma'a ba. Ranar Juma'ar da sassafe Nuhu ya iso da Fijonsa, ya wuce Halidu ko kallo, ya yi fakin daf da rumfa, ya leƙo ta taga.

"Inna Sa'a, ina kwana? Patoro, uwar garajin, na nan, ko in bar saƙo wajen mai ɗaure mata ƙusa?"

Halidu ya karanta bakin tsaf. Kunnuwansa suka yi zafi, ya ɗauko kujerar roba ya ajiye wa matarsa a gaban motar, ya ɗaga kapo da kansa.

Sa'a ta zauna, ta saurara, ta ce, "Motakka lahiya lau, Nuhu. Bakinka ne ke son a ɗaure."

Yanzu garajin Sa'a ake ce wa wurin, har a tasha. Cinikin miya ya ragu, don an gane barkono ne kawai. Halidu dai har yau in an tada moter sai ƙafarsa ta ja shi wajen tukunya, ya duƙa, ya lasa. Sa'a kuma daga kan kujerarta sai ta jira ya juyo, sannan ta faɗi ciwon motar da ƙarfi, kowa na ji.