Gemun da Na Sayar a Birdsville

Mota arba'in da biyu muka tashi daga Dubbo, duk akwala, don ƙa'idar tafiyar ke nan: mai sabuwar mota ba ya shiga. Kwana tara za mu yi cikin jar ƙasa har Birdsville, muna tsayawa gari-gari muna tara gudummawa don masu ciwon mantuwa. A ƙofar motata na manna hoton matata Coral, wadda ta shekara biyu a gidan kula da tsofaffi.

Duk inda muka tsaya sai a yi ta yaba mini. Ni kuwa na san gudu na yi. Na gaji da zuwa kullum da safe in zauna ina amsa tambaya ɗaya sau ashirin. A hanya na yi barci har da minshari, na ci gasasshen nama, na yi dariya har cikina ya ƙulle. Kwana uku cur ban ko buga waya na tambayi lafiyarta ba.

Al'ada ce ranar ƙarshe a yi gwanjon wani abu a gaban mashayar gari. Da la'asar Warwick, abokin tuƙina, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya haye bayan mota ya nuna gemuna.

"Jama'a, ga dajin da ya shekara arba'in ba a share ba. Wa zai saya mu ga ko akwai haɓa a ciki?"

"Sauko, tsohon banza," na ce ina dariya.

"Tsoron a ga muninka kake yi, Noel?"

Wani mai kiwon shanu ya taya dala ɗari biyar, wata mata ta ninka. Aka zaunar da ni a kan durom, mai askin tumaki ya zo da injinsa, cikin minti biyu gemu ya zube ƙasa. Aka yi ta tafi, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Coral ba ta faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya. Alhali sunana ya daɗe da ɓace mata, da hannu take gane ni: in na shigo sai ta kama gemun ta ja kaɗan, ta ce, "Kai ne." Na san wannan sarai.

Ranar da na dawo ban ko biya gida ba, kai tsaye na wuce wurin Coral. Ta dube ni, ta miƙo hannu ta taɓa haɓata, ta janye da sauri ta goge a siket.

"Coral, ni ne."

"Sannu, bawan Allah. Wurin wa ka zo?"

Marites, mai jinyarta, ta ja ni gefe. "Baba Noel, kada ka ɗora wa kanka laifi. Haka ciwon yake, wataƙila ko da gemun nan yau ba za ta gane ka ba."

Wataƙila. Amma ni na zauna a kan durom ɗin, ba wanda ya ɗaure ni. Gemu kafin ya cika sai ya yi wata huɗu, kuma ba wanda zai iya gaya mini abin da zai rage mata a lokacin.

Na koma na zauna a kujerar baƙi. Coral ta yi mini tayin biskit, ta tambaye ni ko an yi ruwa a wajenmu. Da na miƙe zan tafi sai ta riƙe hannun rigata.

"Mijina ya yi tafiya," ta ce. "In ka gamu da shi za ka gane shi, mai gemu ne. Ka ce masa ban yi fushi ba, ya dawo kawai."

Na ce mata zan faɗa masa.