Gudumar Mai Kunne

Mai Kunne ya sake ƙwanƙwasa fiffiken da 'yar gudumarsa. Ɓus. Ya matsa taku uku, ya ƙara. Ɓus, kamar an bugi ruɓaɓɓiyar kabewa.

Shekara goma sha tara yana wannan aiki a masana'antar fukafukan injin wutar iska. Fiffike mai mita hamsin, na zaren gilashi da ƙaro, ba ya fita ƙofa sai ya bi shi da guduma ya sa hannu. In ƙaro ya kama zaren, ƙarar tas take fita. Wannan kuwa, tir!

Manaja ya iso da takarda. Mijin 'yar Mai Kunne ne, kuma shi ya sauya ƙaron da mai araha a watan jiya, har aka tafa masa a taro.

"Baba, direbobi na jira. A taimaka a sa hannu."

"Zo ka ji." Ya buga. "Ka ji?"

"Ni ban ji komai ba."

"Ina za ka ji, tafi ya toshe maka kunne. Ƙaron nan bai bushe a ciki ba. Damina biyu ba zai yi a sama ba, zai tsage. Ka san akwai hanya a gindin tudun da za a kafa shi?"

Manaja ya rage murya. "Haba Baba. Fenti zai rufe. Wa zai hau sama da guduma? In aka mayar da kayan nan korata za a yi. Ka tuna da jikokinka."

Abin da ya fi ƙona wa Mai Kunne rai ke nan, a ɗauko masa jikoki a shafe ruɓa da su. Wai wannan ya ɗauki 'yarsa ya ba wa!

Ya dubi gudumar. Tun da yake bai taɓa buga ta da ƙarfi ba, aikin na lallaɓawa ne. Ya ɗaga ta sama da kai, ya sauke. Ta nutse har ƙota. Ƙaro ya tsiyayo kamar majina, warinsa ya sa manaja toshe hanci.

"To, shafa fentin," in ji Mai Kunne.

Ya zare gudumar, ya goge ta da tsumma, ya nufi fiffike na gaba. Saura goma sha ɗaya.