Hayaƙin Gidan Eilif

A kwarinmu ba a tambayar tsoho ya ya kwana, bututun hayaƙinsa ake dubawa. Gidan Eilif yana tsallaken tafki, daidai tagar kicin ɗina. Shekarunsa tamanin da uku, shi kaɗai yake zaune, waya kuwa ya ce ba zai riƙe abin da zai dinga kiransa kamar kare ba. 'Yarsa Ragnhild ta so kai shi gidan tsofaffi a birni, ya rantse gawarsa kaɗai za a fitar. Aka daidaita a kaina. Kullum ƙarfe takwas na safe in duba, in na ga hayaƙi in aika mata cewa lafiya. Ranar da ban gani ba, zamansa a gidan ya ƙare.

Sai Ragnhild, da kyakkyawar niyya, ta saya masa sabon murhu. A cikinsa akwai wani bulo mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda ke cinye hayaƙi. Da farko a bar marfin sama a buɗe har allurar zafi ta hau, sannan a ja mariƙi a rufe. Daga nan wuta na ci, bututu ba ya fitar da komai.

"Wannan murhun munafuki ne, Torunn," in ji Eilif. "Yana ci yana goge baki."

"Kamar mai shi," na ce. "To ni me zan gani?"

"Kwantar da hankalinki, 'yar sa ido. Zan bar marfin a buɗe, in jefa ɗanyen itace, ki ga hayaƙi har ki yi tari."

Haka muka yi wata biyu. Eilif bai taɓa cika lokaci ba, yau takwas da kwata, gobe tara saura, hayaƙin baƙi ƙirin. Mai sharar bututu ya yi ta faɗa cewa ɗanyen itace zai toshe ramukan, ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu.

A watan Janairu aka yi dusar ƙanƙara mai yawa. Ranar Litinin hayaƙi ya tashi takwas daidai, fari siriri, bayan minti ashirin ya ɗauke. Na ce lallai tsoho ya shiryu. Talata haka, Laraba haka, ina ta aika wa Ragnhild lafiya lau. Ranar Alhamis na ɗauki madubin hangen nesa, sai na ga tsakanin ƙofarsa da rumfar itace ba ko sawu ɗaya. Na sa takalma na taka tafkin da ya daskare.

Sai da na share ƙanƙarar bakin ƙofa da shebur kafin ta buɗu. Ɗakin da ɗumi. Wuta na ci a hankali, mariƙi a rufe, an kwashe toka, gilashin murhun tas. Akwatin itace cike da busasshe.

Eilif yana kwance a ƙasa, fuskarsa na kallon bango, ƙugunsa a karye. Leɓunansa sun tsage. Na ɗiga masa ruwa.

"Tun yaushe?"

"Lahadi."

"Eilif, to wa yake hura wutar?"

"Ban iya juyawa in gani ba." Muryarsa ƙasa ƙasa, kamar mai gudun a ji. "Ina jin an buɗe marfi, an jera itace. Sai a tsaya a bayana ana jiran allura. Kwana huɗu ina roƙo, na ce don Allah a bar murhun nan ya mutu ko Torunn ta zo. Ba a kula ni."

Kunya da tsoro suka haɗe mini. Na ciro waya na kira motar asibiti, ban yarda na juya wa murhun baya ba.

Ya kama bakin rigata.

"Kira Ragnhild ma. Ki ce mata na yarda a kai ni birni."

"Bari ka warke tukuna, tsoho."

"A'a. Yau. Kada takwas ɗin gobe ta same ni a gidan nan."