Saniyar da Ta Shayar da Ladi

Shekarar da gero ya bushe a tsaye a ƙasar Tasawa, tsohuwar saniyar Alhaji Salifu ta faɗi a bayan rumbu ta kasa tashi. Kowa ya san abin yi: a yanka tun tana da sauran rai, in ba haka ba ta zama mushe, sai ungulu. Aka kora yara gidan maƙwabta don kada su gani, Amani maƙwabcinsa ya wasa wuƙa ya kawo.

Salifu ya karɓa ya tsuguna, ya kasa. Nonon saniyar nan ne ya raya ƙaramar 'yarsa Ladi bayan uwarta ta rasu wajen haihuwa. Ga kuma wani abu da ya ɗauko tun yana saurayi a hanyar Makka. A Sawakin, bakin teku, zazzaɓi ya kayar da shi, ayari ya wuce ya bar shi. Wani ɗan kasuwa Bahindi, wanda ba ya salla, ba ya cin nama, shi ya yi jinyarsa da madara har ya miƙe. Mutumin ya gaya masa a addininsu tausayin duk mai rai ibada ne, saniyar da ka sha nononta kuwa uwa ce.

Yayarsa Saudatu, mai riƙon gidan, ta tsaya a kansa. "Alhaji, ɗiyan ga sun daɗe ba su ci komi ba sai tafasa. In ta mace hannunka, mi za ka ce musu?"

Ni dai ban ga laifinta ba. Mai tukunya wayam ba ta da lokacin labarin Bahindi.

Salifu ya sa aka kawo ruwa, ya shayar da saniyar a hankali, yana shafa wuyanta. Ya rufe mata ido da hannun rigarsa don kada ta ga wuƙar, ya yi bisimilla ya yanka. Ya yi kuka a gaban kowa, bai ɓoye ba.

Aka raba nama har gidajen maƙwabta, shi ko romo bai taɓa ba. Da yamma Ladi ta ci ta suɗe yatsu, sannan ta ɗauki ganyen tafasar da aka ajiye mata, ta nufi bayan rumbu.

"Ina za ki?" in ji Salifu.

"Yau mun samu nama, Baba. Wannan kuwa, saniya zan kai ma, ita ma yunwa take ji."