Mujallar da ke Ƙarƙashin Teburin Farfesa

A'a Gerlinde, dakata! Kar ki ƙara ce min na yi shisshigi. Yarinyar tana ofishinta yau ko ba ta nan? Takardarta ta fito ko ba ta fito ba? To. Shekara ashirin da shida ina goge daɓen sashen nazarin Jamusanci, ke ko ƙofar jami'ar ba ki taɓa turawa ba, amma wai "masu ilimi sun san abin da suke yi." Wa ya gaya miki?

Yarinyar nan, Dokta Oltrogge, kwantiraginta ƙarshen Satumba zai ƙare. Sai an buga rubutunta a mujallarsu za a sabunta mata, in ba haka ba ta kwashe komatsanta ta koma gaban uwarta. Shekara biyu tana yawon ƙauyuka da rikoda, tana ɗaukar surutun tsofaffi irinmu. Ta rubuta, ta aika. Su kuma al'adarsu, sai a ba wani ya duba a ɓoye, wai bai san ta ba, ba ta san shi ba. A ɓoye! Duka-duka su nawa ne a sana'ar? Kuma in an yi taro, faranti ɗaya suke kai wa hannu.

Na same ta a kicin ɗin ofis, kofi ya huce a gabanta, ido ya yi jawur. Wai mai dubawa ya dawo da takardar, ya ce ba ta karanta wani gagarumin aiki da ke mujalla ta arba'in da ɗaya ba. Na ce wane ne mai gagarumin aikin? Ta ce Farfesa Wendelborn na hawa na biyu. Na ce oho. Ta ce ta je laburare, an ce shekara tara ke nan da ɓatan kwafin.

Ni dai ban iya karatu ba, amma na san lambar bas, kuma arba'in da ɗaya ce ke kai ni gida. Mujallar koriya ce, mai kauri, da lambar nan a jikinta da hatimin laburare a gefe. Duk ranar Talata sai tsintsiyata ta yi karo da ita.

Ran Talata na shiga ofishin Farfesa Wendelborn da bokitina, yana zaune yana cin biredi da cuku a kan takardun mutane. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan ɗaga min teburin nan. Littafin da ka tokare gajeriyar ƙafar da shi nake so, Dokta Oltrogge na nema."

Ya leƙa ƙasa. Ya cire tabarau. Ya ce, "Frau Pieper, wannan harkar ilimi ce. Babu wanda ya san mai dubawa."

Na ce, "Ni na ce kai ne?"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya fara ɗaga murya, wai ko na san darajar abin da ke cikin mujallar nan?

Na jingina tsintsiyata da bango, na ce, "Na sani mana, ranka ya daɗe. Shekara tara teburinka bai yi rawa ba. Yanzu in mayar wa laburare in faɗa musu inda na tsince ta, ko kuwa za ka roƙi mutumin ɓoyen nan ya yi wa yarinya haƙuri?"