Kujerar Jirgi Ba Tumatir Ba Ce

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina sayar da kayan miya a rumfa guda. Abin da kasuwa ta koya mini shi ne, kayan da aka ce maka da safe "babu ragi", ka dawo da la'asar, mai shi ne zai biyo ka. Da wannan sanin na raini 'ya'ya biyar. Saboda haka ranar da surukina ya zo yana koya mini yadda ake sayen abu da araha, sai raina ya ɓaci.

Surukin nan uban mijin autata ne. Akawu muke ce masa, don aikin ofis ya yi har ya yi ritaya. Ɗansa ya tafi da 'yata ƙasar waje wurin aiki shekara uku da suka wuce, ga shi tana ɗauke da cikin fari. Sun nema mana biza mu biyu, ni da shi, mu je mu tarbi abin da za a haifa. Uwar yara ce ta fi cancanta, amma likita ya hana ta doguwar tafiya saboda gwiwa.

Ya same ni ina tsince ruɓaɓɓu daga kwando. Ya zauna a bencina ba tare da na ce bismillah ba, ya zaro wata takarda daga cikin leda.

"Malam, ni dai na yanki nawa tikitin," in ji shi. "Wata huɗu kafin tafiya, lokacin ne yake da sauƙi. Tsakiyar mako zan tashi, sati biyu kafin a ba 'yan makaranta dogon hutu. Da an shiga hutu kowa zai kwashi iyali, kuɗin ya haye sama. Na kuma zaɓi mai yada zango a hanya, ya fi araha. Taso in raka ka yau."

Maƙwabtana na rumfa duk sun miƙo wuya. Mai albasa har cewa ya yi, "Kai, boko da daɗi."

Na ce, "Akawu, kai da ko barkono ba ka iya tayawa ba? Ajiye takardarka. Zan sayi nawa ƙasa da naka, kuma kusa da taga."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta ma'aikata, ya mayar da takardar cikin leda.

Washegari na je ofishin masu sayar da tikiti. Ɗaki ne ƙarami, ga fanka, ga hoton jirgi a bango, ga wata yarinya sa'ar autata a gaban kwamfuta. Ta faɗi kuɗi, kusan daidai da na Akawu. Na taya rabi.

"Baba, ba a tayi a nan," ta ce. "Abin da na'ura ta nuna ke nan."

"Kowane kaya yana da mai shi, 'yata. Kira mini mai shi."

"Mai shi ba ya ƙasar nan ma."

Na miƙe na nufi ƙofa a hankali, yadda mai saye na gaske yake yi. A bakin ƙofa na tsaya na gyara hula. Na sake gyara ta. Ba ta kira ni ba. A raina na ce yarinyar nan an koya mata sana'a.

Lissafina kuwa mai sauƙi ne. Jirgi dole ya tashi ranar da aka sa masa, ya cika ko bai cika ba. Kujerar da ba a saya ba asara ce, kamar kwandon da rana ta faɗi a kansa. Duk wanda ya iya jira zuwa kwana biyu kafin tashi, da roƙo za a ba shi.

Na bayyana wa uwar yara haka tana shafa magani a gwiwa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, ba araha kake nema ba. So kake a ce a kasuwa ka kayar da Akawu."

"Ina ruwana da Akawu?"

"Tun da aka zauna sau tara ka ambace shi. Ni ko sau tara ka taɓa kiran sunana a wata guda?"

Duk sati sai na leƙa ofishin, duk sati kuɗin ya ƙaru. Ban damu ba. Mu ma mukan ɗaga farashi da hantsi don mu sami abin ragewa da yamma.

Ana gobe zai tashi Akawu ya zo sallama, sanye da wata rigar sanyi sabuwa, rana tana dukansa yana ta gumi. Ya ce ko akwai saƙon da zai kai wa 'yata.

"Da hannuna zan kai," na ce. "Kai dai ka kula, kada barci ya kwashe ka a wurin yada zangon naka."

Saura kwana uku ranar haihuwar da likitoci suka ba 'yata, na sa rigata mai kyau, na je ofis da fasfo a aljihu. Na tarar da layi har waje, mata da yara da jakunkuna. An ba da hutu. Da layi ya zo kaina yarinyar ta juyo mini da kwamfutar. Ban iya karanta rubutunsu ba, amma na san lamba. Kuɗin ya ninka har uku. Ko rumfar zan sayar da bencin a ciki, ba zai kai ba.

"Na gobe fa? Wanda bai cika ba?"

"Babu wanda bai cika ba, Baba. Kujerar jirgi ba tumatir ba ce. Mai zuwa a ƙurarren lokaci dole ce ta koro shi, su ma sun san haka." Ta sassauta murya. "In an koma makaranta, sanyi ya fara a can, zai sauko. Wata uku ke nan. In za ka yanka, yau ya kamata."

Na tsaya. Waɗanda ke bayana suna ta tsaki. Na miƙa mata fasfo, ko kusa da taga ban nema ba.

Kwana biyu bayan haka, da safe ina shirin fita, wayar uwar yara ta yi ƙara, irin kiran da ake ganin mutum. Namiji aka samu. Uwar yara tana kuka tana hamdala. Autata ta bayyana a kwance, fuskarta ta faɗa.

"Baba, yaushe za ka taso?"

"Wata uku, in Allah ya yarda."

Ba ta tambaye ni dalili ba, da ma ta tambaya da na fi jin sauƙi.

Sai aka juya wayar. Ga Akawu a kujerar asibiti, hannun riga a naɗe, da jikana a ƙirjinsa cikin farin tawul. Yaron ya damƙe masa yatsa. Shekara uku ina jiran wannan hannun.

"Malam, barka," in ji shi. "Ga abokinka nan. Goshinka ne sak. Kullum zan riƙa nuna masa hotonka, kafin ka iso ya san ka."

Babu gori a muryarsa ko kaɗan. Na nema, ban samu ba.

Uwar yara ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ka yi magana mana."

Na matso da fuskata kusa da wayar, na daɗe ina kallon yaron.

"Allah ya raya," na ce. "Akawu, tallafe masa wuya. Ba haka ake riƙe jariri ba."